Kada Ka Duba Banɗaki A Bushe

"Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, shekarata shida a Legas ina kwana ɗaki ɗaya da yaran shago. Yanzu Allah ya hore, na samu ɗaki biyu da falo a Agege, a ƙasan wani bene, ina so in ɗauko iyalina da mahaifiyata daga Gusau. Banɗakunan guda biyu ne, sun sha sabon tayil, komai sai ƙyalli yake. Sai dai na ji ɗan wari a na cikin ɗaki, ejan ya ce don an daɗe ba a shiga ba ne. Kuma ranar da muka je babu ruwa a famfo, wai ba a kawo wuta ba balle a ja. Yana ta matsa mini in biya kafin Juma'a. Me zan duba a masai da famfuna, don kada in kai tsohuwa inda za ta wahala?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a wannan niyya, ya ba Hajiya lafiya. Idan na fahimce ka, abu uku ne suka haɗu maka: ka ga banɗaki mai kyan gani, ka ji wari, kuma ba ka ga ruwa ya gudana a cikinsa ba. A cikin ukun nan na ƙarshen ne ya fi damuna. Shekara ashirin da ɗoriya ina aikin famfo a garin nan, tun ina yaron wani Bayarabe a Mushin ina riƙe masa sifana, kuma ban taɓa ganin banɗakin da ya faɗi gaskiya yana bushe ba. Tayil ana iya manna shi cikin kwana biyu a kan ruɓaɓɓen bututu. Abin da ka je ka gani ranar nan aikin mai tayil ne da mai fenti. Aikin mai famfo sai an saki ruwa yake fitowa fili.

Saboda haka abu na farko, ka ce wa ejan za ka dawo, kuma kana son ruwa a tanki. In ya ce wuta, ka ce a tayar da janareta kai za ka sayi mai. In ya ce injin jan ruwan ne ya lalace, to ka ga ka samu labari na farko da ba a yi niyyar ba ka ba. Ko ma mene ne, ka tsayar da mai ruwa ya sauke maka jarka huɗu ko biyar a ƙofar gidan, domin rabin gwajin da zan faɗa maka da bokiti ake yin sa. Ka tafi da tocila, da bokiti, da ƙullin bula irin ta wanki, da takardar tishu, da mutum ɗaya wanda ba ya ƙyamar ɗaga murfin camba, wato ƙaramin akwatin simintin da bututun masai ke ratsawa a bayan gida. Minti arba'in ya ishe ku.

Daga ina ruwan yake zuwa

Kafin ka shiga ciki ka ɗaga kai ka nemi tanki. Gidan ruwa na Iju, wanda aka buɗe tun 1915, yana nan kusa da ku, amma gidaje da yawa a Agege da kewaye burtsatse ko rijiya suka dogara da ita, ana ja da inji a kai tanki a sama, daga nan ruwa ya gangaro da nauyinsa. Ƙarfin ruwan shawarka tsayin tankin nan ne ke yanke shi. Duk tazarar mita goma tsakanin saman ruwan tanki da bakin famfo tana ba da abin da muke kira ba ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa. Kai da kake ƙasa ka fi na sama sa'a a nan, don tazararka ta fi tasu. In har kana ƙasa kuma ruwa na zuwa ba ƙarfi, to ba laifin tanki ba ne, bututu ne ya cushe.

Ka duba irin bututun da ya sauko daga tankin. In na roba ne, fari ko toka-toka ko koren nan da ake haɗawa da zafi, to madalla. In tsohon na ƙarfe ne, ka sa ran tsatsa ta cinye cikinsa, ramin da ya kai kaurin babban yatsa ya koma kamar na tsinke. Wani mai gida yakan sauya wanda ido ke gani ya bar wanda ke cikin bango. Za ka gane haka idan ka buɗe famfon da ya kwana a rufe, ruwan farko ya fito ja kamar shayi sannan ya washe. Idan kuwa bai washe ba ko bayan minti biyu, jan daga ƙasa yake zuwa, ruwan burtsatsen ne ke da sinadarin ƙarfe. Wannan ya fi yawa a ɓangaren Lekki da Aja, amma na gamu da shi a wasu unguwannin na nan cikin gari. Ka tara a farin bokiti ka ajiye, ka shinshina, kafin ku gama sauran dubawa ka dawo ka ga abin da ya kwanta.

Ka kuma tambaya ina makullin da ke tsayar da ruwan ɓangarenka kaɗai. Gidan da babu shi, ranar da bututu ya fashe maka da tsakar dare sai ka tashi dukan maƙwabta kafin a rufe daga tanki.

Masan kansa

Ka fara da ido da hannu. Haska tocila a jikin kwanon, ciki da waje, musamman ta baya da gindinsa, kana neman tsaga ko da siririya ce kamar gashi. Kwanon masai tangaran ne. Wanda ya tsage ba ya gyaruwa, duk gam ɗin da aka shafa masa yaudara ce, kuma in ya fashe da mutum a kai yankansa ya fi na kwalba muni. A kan wannan ba na sassauci: a sauya shi kafin ku tare. Sai ka dafa shi da hannu biyu ka girgiza. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Wanda ke rawa, kullum yana sassauta mahaɗarsa da babban bututu, wata rana ƙazanta za ta riƙa tsattsafowa ta gindi.

Mahaɗar nan ita ce wurin da aka fi cin amana. Masai iri biyu ne, akwai mai fita ta bango, akwai mai fita ta ƙasa, kuma kowanne yana shiga bututu mai inci huɗu ta wata roba mai leɓɓa da aka yi don wannan aikin. Robar ba ta da tsada, amma sau nawa na fasa na tarar an naɗa leda an shafe da siminti? Siminti ba ya bin motsi, yana tsagewa, iskar sokawe, wato ramin da ƙazantar gida ke taruwa, ta samu hanya. Ka durƙusa ka haska bayan masan. Ka naɗa tishu a wurin, ka kora ruwa, ka ga ko ta jiƙe. Ka kai hancinka kusa, ba abin kunya ba ne.

Yanzu ɗaga murfin ƙaramin tankin da ke bayansa, a hankali, ka ajiye shi a ƙasa kwance. Mutane da yawa sun shekara goma da masai ba su taɓa leƙa nan ba, alhali a nan kuɗinsu ke zurarewa. Za ka ga abu biyu: mai shigo da ruwa, wanda ke da ƙwallo ko wani kofi da ke tasowa ya rufe idan tanki ya cika, da mai sakin ruwa, wanda ke tsakiya. Ka kora, ka tsaya ka kalla. Ruwa ya shigo, ya cika cikin minti biyu ko uku, ya tsaya cak, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu ƙasa da bakin bututun ambaliya, wanda ke kwashe rarar ruwa in tankin ya cika fiye da kima. Idan ya cika amma kana jin "sss" bai daina ba, robar mai shigo da ruwa ta mutu ko yashi ya maƙale mata. Yashin burtsatse shi ne babban mai kashe su a Legas.

Sai gwajin bula. Ka zuba kaɗan a cikin tankin har ruwan ya yi shuɗi, kada ka kora, ka tafi wani aikin. Bayan minti ashirin ka dawo ka leƙa cikin kwanon. In ka ga shuɗi ya sauko, robar mai sakin ruwa tana yoyo. Irin wannan yoyon ba ya ƙara, ba ya jiƙa ƙasa, sai dai wani siririn zare na ruwa da ke bin bayan kwano dare da rana. Akwai wani Alhaji mai sayar da shanu da ya kira ni yana faɗa, wai maƙwabta na satar masa ruwa, tankinsa ba ya kwana. Har ya sa an yi wa tankin kejin ƙarfe da kwaɗo. Bula ta naira kaɗan ce ta wanke maƙwabtan, masai biyu ne a gidansa ke shanye ruwan. Kuma asarar ba ta tsaya a mai da wuta ba, domin duk ruwan nan sokawe yake tafiya ya cika ta kafin lokacinta.

Masu maɓalli biyu a sama, na zamani, yawanci babban yana sakin lita shida, ƙaramin lita uku. Tsofaffin masu hannu a gefe sukan saki lita tara ko fiye. Ka danna kowanne ka ga yana dawowa da kansa. Ni dai a gidan haya na fi son wanda kayan cikinsa ke samuwa a kowane shago. Wani mai gida zai sa masai na ƙawa wanda tankinsa ke ɓoye cikin bango, ranar da robarsa ta lalace sai ka zagaye kasuwar Odunade da ke Coker kaf kana neman irinta.

Daga nan sai bokiti. Ka jefa tishu dunƙule biyu ko uku, ka cika bokiti, ka juye shi gaba ɗaya a lokaci guda. Masai mai lafiya zai haɗiye nan take, ruwan ya dawo ya tsaya inda yake. Idan ruwan ya taso sama yana juyi sannan ya sauka a hankali, akwai toshiya a gaba. Idan ya tafi amma ka ji "gulgul" daga rariyar ƙasa ko daga kwamin wanke hannu, ko ka ga ruwan da ke zaune a kwanon ya ragu sosai, to bututun ba ya samun iska. Kada ka tsaya a bokiti ɗaya. Bututun da ya daɗe a bushe yana iya karɓar bokiti biyu ya ɓoye, sai a na huɗu ko na biyar asirinsa ya tonu. Shi ya sa na ce jarka biyar.

Maganar warin nan

Ejan ɗinka zai iya yin gaskiya, ba zan zalunce shi ba. Ƙarƙashin kowane masai da kwami da rariya akwai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa, kamar santimita biyar, kuma wannan ɗan ruwan shi ne ƙofar da ke tsakaninka da iskar sokawe. Gidan da ya yi watanni a rufe, musamman da rani, ruwan yakan ƙafe, wari ya shigo, kyankyasai ma su biyo. Maganinsa buta ɗaya. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma akwai abin da ya tsaya mini a maganarka: banɗaki biyu ne, tare aka rufe su, me ya sa ɗaya ne kawai ke wari?

Ga yadda za ka raba gardama. Ka zuba ruwa a masai, a kwami, a rariyar ƙasa, ko'ina ya samu. Ka buɗe taga da ƙofa iska ta kore wanda ya taru. Sannan ka rufe taga, ka rufe ƙofa, ka ba shi rabin sa'a. In ka dawo babu wari, ejan ya yi gaskiya. In ya dawo, to akwai ƙofar da ruwa bai rufe ba, kuma wurare uku nake zargi. Na farko mahaɗar bayan masai da na ambata. Na biyu rariyar ƙasa: ka cire murfinta ka haska, in ba ka ga ruwa zaune ba bayan ka zuba, rami ne kawai aka haɗa kai tsaye ba lanƙwasa, aikin da ake yi da yawa don a rage kuɗi. Wannan yana da sauƙi, akwai rariya mai ɗan kofi a ciki da ake sauyawa. Na uku bututun numfashi.

Ka fita ka zagaya bayan gidan. Babban bututun da ya sauko da ƙazantar bene ya kamata ya ci gaba sama har ya wuce rufi, bakinsa a buɗe da ɗan raga. Ta nan iskar sokawe ke fita, ta nan kuma iska ke shiga ta hana ruwan lanƙwasa tsotsewa idan na sama suka kora. In an yanke shi a daidai tagarka, ka samu mai laifi. Na taɓa cin kunya a kan wannan. Wata baiwar Allah a Idi-Araba ta kira ni kan wari, na sauya rariya, na sauya robar masai, na karɓi kuɗina na tafi. Bayan kwana uku ta sake kira. Sai da muka cire allon silin muka ga wanda ya gyara rufin ya yanke bututun numfashi ya bar bakinsa a cikin silin. Tun daga ranar ba na cewa na gano wari sai na ga inda bututun nan ya ƙare da idona.

Camba da sokawe, inda zama a ƙasa ke da haɗari

Na ce ka fi na sama sa'a a ƙarfin ruwa. A nan kuma su suka fi ka. Duk abin da aka kora daga bene ta gefenka yake wucewa, kuma ranar da hanya ta toshe, ba zai hau sama ba, ta masanka da rariyarka zai ɓullo. Wanda bai taɓa wayar gari ya tarar da ƙazantar wasu a banɗakinsa ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Gida mai sallah, da tsohuwa mai alwala sau biyar, wannan ba ƙaramar fitina ba ce.

Ka sa abokin tafiyarka ya ɗaga murfin cambar da ke bayan banɗakin, ƙaramin akwatin simintin nan da bututu ke ratsawa. Kai kana ciki ka jefa tishu ka kora, shi yana kallo. Cikin 'yan daƙiƙu ya kamata ya ga ruwa ya wuce da gudu da tishun a ciki, ƙasan cambar ya koma ba komai. In ya tarar da ruwa kwance tun kafin ka kora, ko tishun ya zo ya tsaya, ko dai gangaren bututun bai isa ba, ko sokawe ta cika. Gangaren da muke bi a bututu mai inci huɗu shi ne kamar santimita biyu da rabi a kowace mita. In ya gaza haka ƙazanta na kwanciya a hanya, kuma gyaransa sai an fasa daɓe.

Abin da muke kira sokawe a dunƙule rami biyu ne. Na farko rufaffe ne, a nan kauri ke kwanciya yana ruɓewa. Na biyu shi ne mai barin ruwa ya tsotse cikin ƙasa. To a Legas ƙasar ce matsala. Inda ruwan ƙasa ke kusa, da damina ramin na biyu yakan cika da ruwan ƙasa tun kafin naka ya iso, ba inda zai tsotse. Agege tudu ce in aka gwada da su Ajegunle ko Lekki, amma a cikinta ma akwai gangare da bakin kwata inda ruwa ke kwanciya. Gidan da ka duba da rani yana iya zama wani gida dabam a watan Yuni da Yuli. Wannan bokiti ba zai nuna maka ba. Bango ne zai nuna, da maƙwabta. Ka duba gindin katanga da bayan gida ko akwai layin da ruwa ya taɓa tsayawa, da gansakuka, da fentin da ya kumbura. In ka ga an ɗaga dokin ƙofa an yi masa ɗan gini kamar na hana ruwa shiga, ba don ado aka yi ba. Sannan ka bar ejan a tsaye ka je wurin mai shagon da ke kallon gidan, ko mai gadin layin, wanda sau da yawa ɗan'uwanmu ne. Ka tambaye shi sau nawa motar yashe masai ke zuwa gidan nan, kuma me ya fitar da wanda ya tashi. Gidan da mota ke zuwa duk bayan 'yan watanni, sokawensa ta daina tsotsa, kuma kuɗin motar a kanku 'yan haya za a riƙa raba shi.

Ka auna da ƙafa tazarar da ke tsakanin sokawe da burtsatse ko rijiya. Abin da ake so kada ta gaza mita goma sha biyar, talatin ta fi. Fulotin Legas ƙafa sittin ne a ɗari da ashirin, kuma an cika shi da gini, ga sokawen maƙwabci a bayan katanga, don haka da wuya ka samu yadda ake so. In ka ga sun matsu da juna, ruwan ya tsaya a wanka da wanki, na sha a tafasa ko a saya. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a jihar nan a watan Yunin 2024 ba. Ni ido da hanci nake da su, ba sa ganin ƙwayar cuta, wannan sai an kai ruwan ɗakin gwaji.

Gargaɗi ɗaya: leƙa camba daga sama ba laifi, amma kada kowa ya zura kai ko ya shiga ramin sokawe, kada kuma a kunna ashana a bakinsa. Iskar ciki tana kama wuta, tana kuma sumar da mutum kafin ya yi ihu.

Sauran kayan

Waɗannan ba sa cin lokaci. Buɗe kowane famfo har ƙarshe, ka rufe, ka ga ko yana ɗiga ko kansa na juyawa ba ya kamawa. Ka shafa busasshiyar tishu a ƙarƙashin kwami da jikin 'yan gajerun tiyo masu saƙar ƙarfe da ke kai ruwa ga kwami da tankin masai. In sun yi tsatsa ko sun kumbura a sauya, su ne masu fashewa da dare. Ka toshe kwamin, ka cika shi, ka saki, ka ga saurin tafiyarsa. Ka ɗan danna shi ka ji ko yana rawa a bango, don yara na rataya a jiki. Kan shawa in wasu ramukansa sun toshe, jiƙa shi a ruwan tsami ko na lemon tsami yana buɗe su, ba abin fasa ciniki ba ne.

Daɓen ne nake so ka ba lokaci. Banɗakin Bature a bushe yake yini, namu kuwa tsarki da buta, alwala, wanka, wankin yara, kullum a jiƙe. Ka watsa bokiti guda a ƙasa ka tsaya ka ga inda ruwan zai nufa. Rariya ya kamata ya bi, duka, ba tare da tsintsiya ba. In ya taru a lungu ko ya nufi ƙofar ɗaki, haka za ku yi ta fama har ku tashi, don gyaransa sai an ɗaye tayil. Ka ƙwanƙwasa tayil ɗin da mabuɗi, wanda ya yi ƙarar fanko babu siminti sosai a ƙarƙashinsa. Ka duba bangon ɗaki ta bayan banɗakin, in fenti na ɓarewa daga ƙasa ko akwai farin gishiri-gishiri, ruwa na ratsawa. Ka ɗaga kai ka duba dakin, wato rufin simintin da ke samanka, domin banɗakin na sama yana daidai kan naka: tabo ruwan ƙasa-ƙasa, ko sabon fenti a wuri ɗaya tak, yana nufin nasu na yoyo. Ka roƙi na saman su saki ruwa minti goma kana kallo.

In akwai hita, wato na'urar ɗumama ruwan wanka, ka tabbata makunninta yana waje ko nesa da inda ruwa ke fantsama. Akwai ɗan bawul a jikin bututun da ke shigar mata da ruwa, yakan ɗiga kaɗan idan tana zafi, aikinsa ke nan, kada a toshe shi. In ka taɓa famfo ka ji ko ɗan tsam, a kashe ta daga mita, kada kowa ya yi wanka sai mai aikin lantarki ya duba wayar da ke sauke wuta ƙasa. Nan iyakata ke nan, ni ba na taɓa waya.

Saboda Hajiya

Ka cire takalmi ka taka jiƙaƙƙen tayil ɗin da ƙafarka. Wasu masu gida na shimfiɗa mai santsi irin na bango a ƙasa don ya fi ƙyalli, kyan ɗan maciji ke nan. Faɗuwar tsoho a banɗaki takan zama karayar ƙugu. In yana da santsi ka sa tabarmar roba mai ramuka, ka kuma sa a kafa mata ƙarfen dafawa a bango kusa da masai, da dogayen kusoshi masu shiga bulo, ba a jikin tayil kaɗai ba. Ka tambaye ta wanne ta saba da shi. In na tsuguno ta sani, na zama zai zo mata baƙo, wasu tsofaffin har hawa suke yi su tsuguna a kai, abin da ke fasa kwano. Ka sa uwargida ta nuna mata cikin hikima. In gwiwa na damunta, da sannu za ta ga na zaman ya fi mata sauƙi. Ka sa mata famfo ƙasa-ƙasa inda za ta cika buta ba tare da ta ɗaga bokiti ba, da 'yar kujera ta roba don alwala. Wasu kan tambaye ni ko masai na kallon alƙibla. Daga Legas alƙibla gabas take da ɗan karkata arewa, wayarka za ta nuna maka, hukuncin kuma ka tambayi malamai.

Ka gaya wa iyali tun ranar farko: ban da tishu kada a jefa komai a masai, ko audugar mata, ko famfas, ko ledar ruwa. Kuma kada a haɗa bilic irin su Hypo da ruwan wanke masai mai asid a wuri ɗaya, haɗinsu na tayar da iska mai guba a ɗan ƙaramin ɗaki.

Abin da za ka yi da abin da ka gani

Ni ban ga gidan ba, kuma ko na je, abin da ke cikin bango da ƙarƙashin daɓe alamu kawai nake karantawa. Amma ga yadda nake rabawa. Robar tanki, tiyo, kan famfo, rariya, murfin masai, duk ƙananan abubuwa ne, aikin yini ɗaya, kada su hana ka gida mai kyau. Tsagaggen kwano, yoyon banɗakin sama, hita mai jan mutum, waɗannan a gyara kafin ka biya, ba bayan ka biya ba, don "za mu gyara" ta mai gidan Legas takan ƙare ranar da kuɗi ya shiga asusu. Cambar da ruwa ke kwance, da shaidar maƙwabta cewa ƙasan gidan na cika da damina, wannan ni da kaina zan haƙura in nemi wani, ko da na yi asarar kuɗin duba gida.

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da abubuwan da ake tarayya a kansu, ɗan haya kuma kula da cikin inda yake zaune, ban da tsufan da amfani ke kawowa, sai fa in takardar yarjejeniya ta faɗi wani abu dabam. Don haka ka karanta takardar, ko ka ba wanda zai karanta maka, ka ga wa aka ɗora wa yashe sokawe da gyaran injin ruwa. Ka ɗauki hoto da bidiyon duk abin da ka gani, ka tura wa ejan da mai gidan ta WhatsApp kafin ka biya, a rubuta gyaran da aka amince da ranar gamawa. In ejan ya ce ba zai iya jira ka dawo da ruwa ba, ka nemi lambar mai gidan ka gaya masa kai za ka biya mai ruwa, minti arba'in kawai kake nema kafin Juma'ar.